Mai furannin da ya ceto min shukar falo bayan ganyenta ya koma ruwan ɗorawa

Tun ranar sunan nan da aka yi a gidanmu mutane ke ta tambayata wai a ina na samo shukar da ke bayana a hoto, to yau dai na samu sukuni bari in ba ku labarin wurin gaba ɗaya, da daɗinsa da rashin daɗinsa, don wallahi shukar nan da kuke gani tana ta sheƙi sai da ta leƙa lahira ta dawo. Wurin ko allon suna babu, cikin masu furannin nan ne na bakin titi a Nasarawa GRA nan Kano, waɗanda in ka bi da sassafe za ka ga sun jera baƙaƙen ledoji a gindin bishiya suna ta ban ruwa da tiyo. Mai wurin dattijo ne, kowa Baba yake ce masa, sai yara biyu da ke taya shi aiki.

Zuwana na farko wajen ƙarshen damina ne, cikin Satumba, kuma rashin sa'a ranar Baba ba ya nan, wai ya tafi Jos saro kaya, sai ɗaya daga cikin yaran na tarar. Na zaɓi mai yaɗon nan da suke ce wa money plant, mai ganye kamar zuciya kore da ɗan ratsin fari-fari, sannan na ɗauki moda guda ɗaya doguwa, shukar nan mai dogayen ganye masu kauri a miƙe. Ita mai yaɗon dubu uku da ɗari biyar ya bar min bayan mun sha ciniki, sai kuma idona ya faɗa kan wata tukunyar tangaran fara mai bakin ruwan gwal, wadda ta ninka kuɗin shukar kusan sau uku, amma da yake ta dace da labulen falona ko gezau ban yi ba na tura masa kuɗi. Shi ya juye min shukar a ciki da hannunsa. Na ɗaga tukunyar na ga gindinta a toshe, babu huda ko ɗaya, nace masa to ruwan ta ina zai fita? Yace Hajiya ai na zuba miki tsakuwa a ƙasa, can ruwan zai sauka ya kwanta. Nace ban ruwa fa? Yace safe da yamma, yadda muke yi a nan. Maganganun nan guda biyu su suka kusan kashe min shuka, kuma ni a lokacin ban san komai ba, gani nake wanda yake kwana yake tashi cikin furanni ai ya fi ni sani.

Sati biyu na farko lafiya lau, kullum in na idar da sallar asuba sai in cika kofin silba in kwarara mata, da magariba ma haka, har maigida yana tsokanata wai na yi masa kishiya a falo. Shiga sati na uku sai na ga ganye ɗaya na can ƙasa ya fara ɗashewa, daga kore ya koma yalo, kwana biyu sai ga na biyu, sai na uku, kuma ba bushewa suke ba, laushi suke yi su langaɓe kamar alayyahun da ya kwana a leda, in ka ɗan taɓa sai ganyen ya biyo hannunka. Ita kanta shukar duk ta yi laƙwas ta sunkuyar da kai. To ni da na ga abu ya yi yaushi me zan ce in ba ƙishirwa ba? Sai na ƙara ruwa. Kofi ɗaya ya koma biyu.

Daga nan fa shawarwari suka fara zuwa, kowa ya shigo falon sai ya zama malamin gona. Wata tace in zuba ruwan da na wanke shinkafa, wata tace ganyen shayi da aka gama dafawa, wata ɓawon ƙwai, duk babu wanda ban yi ba, abin da na samu kawai wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje ne masu tashi daga cikin ƙasar duk sanda na matsa kusa. Sai yayar maigida ta zo tace ke yunwa ce ke damunta, taki take so, kuma da yake akwai ragowar buhun NPK 15-15-15 a sito wanda aka rage daga gonar masara, na ɗebo cikin tafin hannu guda na barbaɗa mata na bi da ruwa. Kai jama'a. Kwana huɗu bakin ganyayyakin da suka rage ya ƙone ya yi ruwan ƙasa kamar an kara musu ashana. Ranar har ɗan hawaye na yi, ba don dubu uku da ɗari biyar ba, haushin kaina nake ji.

Ran Asabar na tari adaidaita na rungumi tukunyar a cinya na koma wurin, raina a ɓace, na shirya faɗa sosai. A nan na fara ganin Baba. Yana zaune kan wani ɗan benci yana cika ledoji da ƙasa, na gaishe shi sama-sama na dire masa tukunyar nace Baba ga abin da kuka sayar min. Bai ce min komai ba tukuna, ya miƙe ya ɗaga tukunyar ya jijjiga ta kaɗan, sai muka ji ruwa na ƙara a ciki kamar tulu. Ya dubi yaron ya girgiza kai, sannan ya shimfiɗa tsohon buhu a ƙasa, ya sa tafin hannunsa ya tare gindin shukar ya kifar da tukunyar. Warin da ya taso wallahi kamar an tone kwata. Ƙasar baƙa ƙirin ta cure ta zama taɓo, tsakuwar da aka ce ruwa zai kwanta a cikinta tana iyo cikin wani koren ruwa mai yauƙi, saiwoyin kuma yawanci sun yi baƙi, ya kama ɗaya da yatsa biyu ya ja sai fatarta ta saɓule ta bar wani siririn zare. Ya laluba can gefe ya nuna min wasu 'yan kaɗan farare masu tauri yace Hajiya kin ga waɗannan, su ne masu rai, saboda su za mu yi aiki. Sai ya ɗago yace ba ƙishirwa ce ta kama ta ba, nutsewa ta yi.

Bayanin da ya yi min a tsaye a wurin shi ya sa na daina jin haushin wurin na koma saurare. Yace saiwa ma numfashi take, akwai 'yan ƙofofin iska tsakanin ƙwayoyin ƙasa, in ruwa ya cike su kullum ba ya tafiya sai saiwar ta shaƙe ta ruɓe, ruɓaɓɓiyar saiwa kuma ba ta iya jan ruwa zuwa sama, shi ya sa ganye ke yaushi kamar na mai jin ƙishi alhali gindinta cikin tafki yake. Ke kuma kina ganin yaushi kina ƙara ruwa. Game da safe da yamma da yaron ya faɗa, yace su gaskiya ne haka suke yi, amma su shukarsu a waje take cikin 'yar leda mai huji, rana na dukanta iska na kaɗa ta, kafin azahar ta bushe, ke kuwa kin kai ta falo kin saki labule, ƙasar da a nan take bushewa cikin yini a can sai ta yi sati ba ta bushe ba. Da na faɗa masa zancen takin zamani sai da ya yi dariya, yace kin ga mara lafiyar da ko kunu ba ya iya haɗiya kin ɗura masa tuwo da miyar taushe.

Aikin da ya yi bai wuce minti ashirin ba kuma a gabana ya yi shi. Ya wanke saiwoyin a bokiti har taɓon ya fita, ya sa almakashi ya datse duk wadda ta yi baƙi ko laushi, ya cire ganyayyakin da suka yi yalo gaba ɗaya. Na so in hana shi, nace Baba bar su mana ko za su farfaɗo, yace ganyen da ya riga ya koma ruwan ɗorawa ba ya dawowa kore, sabon da zai fito shi za ki sa wa ido. Ya ajiye ta a inuwa ta sha iska, ya haɗa sabuwar ƙasa: ƙasar lambu kaɗan, yashi mai tsakuwa-tsakuwa, buntun shinkafa, ruɓaɓɓen kashin shanu wanda ya riga ya zama gari ba ya wari, da 'yan gutsattsarin gawayi. Ya damƙi haɗin a hannu ya buɗe sai ya warwatse, yace haka ake so, in ta dunƙule kamar curin fura to ta yi nauyi. Tukunya kuma ta ƙasa ya ɗauko irin ta masu ginin tukwane, ƙarama, mai huji a gindi, ya ɗora ɗan katanga a kan hujin don kada ƙasa ta zube. Yace ta ƙasa gumi take yi ta jikinta kamar randa, saboda haka ƙasar cikinta ta fi saurin bushewa kan ta roba ko tangaran. Farar tukunyar tawa mai tsada kuwa yace kada in yar, in saka ta ƙasar a cikinta don ado, in zan yi ban ruwa in ciro ta in kai bakin famfo, in ta gama tsiyaya in mayar.

Abin da ya fi burge ni, kafin ya dasa sai da ya yanko reshe biyu daga saman shukar inda ke da lafiya, kowanne da gaɓa biyu, ya nuna min wani ɗan ƙullutu mai ruwan ƙasa a jikin gaɓar yace daga nan saiwa ke fita. Yace in na je gida in tsoma su a kwalbar ruwa, gaɓar ta nutse ganyen yana sama, in riƙa sauya ruwan bayan 'yan kwanaki, ko da uwar ta ƙi tashi kina da 'ya'yanta. Mutumin da sana'arsa sayar da shuka ce yana koya min yadda zan samu biyu kyauta. Cikin sati biyu zuwa uku kuwa sai ga fararen saiwoyi sun zubo a kwalbar. Duk aikin nan kuɗin tukunyar ƙasar kawai ya karɓa, dubu ɗaya da ɗari biyar, yace kuskuren daga wurinsu ne.

Dokar ban ruwan da ya ba ni mai sauƙi ce, babu lissafin kwanaki. Yace ki soka yatsa a ƙasar har gaɓa ta biyu, in kin ji danshi ki rabu da ita, in a bushe take ki ba ta ruwa sosai har ya fito ta ƙasa, sannan ki zubar da wanda ya taru a faranti. A falona hakan yana kamawa kusan sau ɗaya a sati, da bazara in zafin Afrilu ya tsananta yakan koma kwana huɗu ko biyar. Moda kuwa yace in manta da ita, sai ƙasarta ta bushe ƙamas har ƙasa, wani lokacin sati uku, don ita ruwa take ajiyewa a ganyenta kuma ta fi kowa saurin ruɓewa in an cika mata. Af, zancen modar nan, da Hajiyarmu ta zo ta gan ta a tukunya a falo dariya ta yi har da riƙe ciki, tace yanzu modar da ke tsirowa a bayan gari ake fitar da zarenta ana tufka igiya da tsirkiyar baka ita kika sa kuɗi kika saya? Ashe dama 'yar asalin nan yankinmu ce na Afirka ta Yamma, Turawa suka ɗauka suka sa a tukunya, mu kuma muka gani a Instagram muka dawo muna sayenta.

Daga baya ƙanin maigida da ya yi karatun aikin gona a Samaru ya zo hutu, na ba shi labari, yace dattijon ya yi daidai, ya kuma ƙara min wani abu da ya amfane ni, wato duba wane ganye ne ya fara yin yalo. In tsofaffin ƙasa ne suka ɗashe gaba ɗaya bai ɗaya, ƙasar ba a jiƙe take ba, shukar kuma ta daɗe a tukunya ɗaya ba ta girma, to mai yiwuwa naitirojin, wani sinadari da ke cikin taki, shi ne ya yi ƙaranci, don shuka tana iya janye shi daga tsohon ganye ta tura wa sabo. In kuwa sababbin sama ne suka fito fari-fari amma jijiyoyin jikinsu kore shar, wannan ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, shi ba ya tashi daga tsohon ganye ya koma sabo, kuma sau da yawa yana nan a ƙasar, saiwar ce ta kasa ɗauka saboda ruwa ko ƙasar sun cika kanwa-kanwa. In ka ga farin abu kamar gishiri ya taru a bakin tukunya ko saman ƙasa, yawanci daga ruwan bohol ne ko taki da ya yi yawa, maganinsa a kwarara ruwa mai yawa ya wanke ya fice ta hujin, kuma in damina ce a tari ruwan sama ya fi mata. Sannan in ganye ɗaya tal ne na can ƙasa ya yi yalo a wata guda sauran suna lafiya, tsufa ne kawai, a cire shi a huta. Taki kuwa yace ga tukunya 'yan ƙwayoyi ake nufi, ba tafin hannu ba, kuma sai shukar tana da lafiya tana fitar da sabon ganye.

Ban gama da Baba ba, don da hunturu ya shigo cikin Disamba matsalar ta dawo da wata fuska. Wannan karon ganyen ba laushi yake ba, wasu 'yan ɗige-ɗige ne masu ruwan ɗorawa kamar an tsattsaga shi da allura, ga ƙura ta lulluɓe shi. Na ɗauki hoto na tura masa ta WhatsApp ɗin yaron, sai washegari da yamma aka dawo min da saƙon murya, Baba yana magana ana jin ƙarar motoci, yace in juya bayan ganyen in duba da kyau. Na juya na haska da fitilar waya, sai ga wasu ƙwari ƙanana kamar garin barkono suna motsi, da wata siririyar saƙar gizo a kusurwar ganyen. Yace busasshiyar iska da ƙura suke so shi ya sa hunturu ne lokacinsu. Ya sa na kai ta banɗaki na wanke ganyen ciki da bai da ruwa, sannan na jiƙa dakakken ganyen darbejiya ya kwana na tace na ɗiga sabulun ruwa kaɗan na fesa da yamma, bayan sati na sake, na kuma sakewa. Sun tafi. Tun daga nan duk Juma'a nake goge ganyen da jiƙaƙƙen tsumma, kuma na janye ta daga saitin esi na kai ta kusa da tagar gabas inda take samun hasken safe amma ranar tsaka ba ta dukanta. Ratsin farin nan ma da ya fara ɓacewa lokacin tana lungu mai duhu ya dawo a sababbin ganyen.

To amma kada in yi ta yabo kamar an biya ni, wurin yana da nasa matsalolin kuma ba ƙanana ba ne. Na farko in Baba ba ya nan to sai dai ka yi addu'a, yaran burinsu su sayar, duk abin da ka nuna za su ce maka yana rayuwa a ɗaki. Haka suka sayar wa ƙawata furen wardi da aka kawo daga Jos suka ce ta ajiye a falo, abin da ke son rana sosai, kuma ya saba da sanyin Filato aka kawo shi zafin Kano, ko Mayu bai gani ba. Farashi ma babu tsayayye, in ka sauko daga mota daban in ka sauko daga adaidaita daban, na gwada duka biyun. Babu ko ɗan kati da aka rubuta sunan shuka, sai ka tambaya, wani sunan ma a take suke ƙirƙiro shi. Takin gargajiyan da suke ƙullawa a leda suna sayarwa kuwa na taɓa saye sau ɗaya na tarar bai gama ruɓewa ba, ga gwazarma biyu ƙatti a ciki, bayan sati ciyawa ta cika min tukunya, wanda Baba yake amfani da shi da kansa daban ne, sai ka ce shi kake so.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne babu wanda ya gargaɗe ni cewa mai yaɗon nan ba ta da kyau a bakin yaro, har Baban. Ƙanin maigida ne ya ga ɗan autana mai rarrafe yana jan reshen ya ce in ɗaga ta sama, wai dangin gwaza ce, irin abin nan da ke sa ɗanyen gwaza ƙaiƙayin maƙogwaro yana cikin ganyenta, in yaro ko mage suka tauna baki yana zafi ya kumbura. Da na koma na faɗa wa Baba yace ai ya ɗauka kowa ya sani. Ina zan sani? Mutanen da ke sayar wa matan aure masu ƙananan yara kaya kullum ya kamata wannan ya zama maganar farko a bakinsu. Yanzu a saman kanta take, reshen yana zubowa ta gefen da hannun yaro ba ya kaiwa.

Duk da haka in aka ce in ba su maki cikin goma zan ba Baba tara, yaran huɗu, sai ku raba da kanku. Wanda zai je ya je da safe kafin goma lokacin dattijon yana nan, ya faɗa masa gaskiyar inda zai ajiye shukar, taga nawa, akwai esi ko babu, ruwan famfo ne ko na 'yan ga-ruwa, don shi tambaya yake yi kafin ya miƙa maka abu, kuma a juya tukunya a duba gindinta kafin a biya. 'Ya'yan nan biyu na kwalba na dasa su tun Nuwamba, ɗaya tana tagar kicin, ɗayar yayar maigida ta ɗauke, ita mai shawarar takin nan, jiya ma ta kira ni wai ganye biyu sun yi yalo me za ta zuba, nace mata Yaya ajiye kofin nan tukuna ki soka yatsa.